Kafin Ka Yarda A Sauke Inji: Abin Da Geji Ya Faɗa Mana Game Da Fijon Babanmu

Waɗanda data ko netwok ya hana su sauraron shirin, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba. Yau maganar mota za mu yi, kuma tsohuwa. Amma ko Corolla ce da kai, ko Golf, ko ma ba ka da komai sai niyyar saye, ka tsaya ka karanta, don abin da zan faɗa ya shafi kowane injin fetur.

A gidanmu da ke Runjin Sambo akwai wata Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru ƙarƙashin dogon yaro, awaki na hawa, yara na wasan ɓuya a bayanta. Da aka zo maganar ta, Yaya ya ce a kira 'yan gwangwan su auna su ba da abin da ya samu. Inna ba ta ce komai ba, amma duk wanda ya san ta ya san shirun nan. Ni kuwa na ce a ba ni wata biyu in gwada.

Muka sa batir, muka wanke tanki da kabireta, muka canza baƙin mai. Ta tashi. Sai dai tana rawa a silo kamar mai masassara, in ka taka totur tana mis, in ta zo ɗan hawa sai ka ji ta sare. Makaniki na farko ya kara kunne, ya ce ring ne, sai an sauke inji. Na biyu ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce in manta da gyara, in nemo wani injin kawai. Kowanne kuɗin da ya yanka ya kusa abin da 'yan gwangwan za su bayar a motar gaba ɗaya. Kun ga Yaya ya samu hujja ke nan.

Sai wani ya kwatanta mini wani dattijo da ya yi zamani da waɗannan motoci. Na je na gaishe shi, na ce, "Baba, an ce ring ne." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa yac ce maka ring na? Ya auna?" Na ce a'a. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin akwati, ciki da agogo mai allura ɗaya da tiyo mai bakin ƙarfe. Wannan shi ne gejin auna matsin inji, abin da kanikawa ke ce wa kwamfireshin.

Kafin mu je ga aunon, bari in ɗan gabatar da motar ga yaran yanzu. An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a nan Najeriya har cikin shekarun 2000, alhali a Turai an daɗe da daina ta. A wancan zamanin ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce kuma wagon ɗin da ke ɗaukar fasinja daga Sakkwato zuwa Gusau, Zariya, Kaduna da Kano. Injin da aka fi sani a cikinta mai silinda 4 ne, cc 1971, wato kusan lita 2, a kishingiɗe yake gefe guda, kansa na alminiyam, jikinsa na baƙin ƙarfe. Ku riƙe wannan kishingiɗar, za mu dawo kanta.

To mene ne matsin nan da ake aunawa? Ka tuna famfon keke irin na da. In ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, za ka ji yana ture hannunka. Iskar ce ta rasa hanyar fita. Haka kowace silinda take. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su fashe su tura fistin ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bugu huɗu ke nan, tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya gina injinsa a kai a 1876, kuma har yau shi ke cikin motarka. Duk ƙarfin motar yana rataye ne a bugu na biyu. In ba a matse cakuɗin nan da kyau ba, fashewar sai ta zama tari.

Iskar kuwa hanyoyin guduwarta ba su da yawa. Ko ta bi ta gefen fistin, in ring ya cinye ko bangon silinda ya zaizaye. Ko ta bi ta bakin bawul, in bai zauna daidai ba ko ya ƙone. Ko ta bi ta gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Sai kuma tsagewa a ƙarfen kansa, Allah ya kiyaye. Abin da ya sa aunon ke da daraja shi ne waɗannan cututtuka duk alamarsu a kunne kusan ɗaya ce, amma kuɗin maganinsu sama da ƙasa ne. Gyaran bawul kan inji kawai ake cirewa, wani lokaci ma ba a cire komai sai murfi. Ring kuwa sai an kwance inji har ciki. Kunne zai gaya maka injin ba shi da lafiya, wannan ko ni na ji. Ba zai gaya maka wace silinda ba, ba zai gaya maka ta ina ba.

A ƙasarmu nan dalilan lalacewar ma a fili suke. Ƙurar hunturu in ta samu filtar iska a yage, ko an cire ta an yar kamar yadda wasu direbobi ke yi wai don mota ta sha iska, tana shiga silinda ta haɗu da mai ta zama kamar sanfefa. Ita ke cin ring da bango a hankali. Zafin Afrilu kuma, da ke wuce digiri 40 a Sakkwato, in ya haɗu da lagireto mai datti, shi ke gasa gaskit ya lanƙwasa kan alminiyam.

Yanzu ga yadda Baba ya yi aikin, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin yawancin waɗanda ke cewa geji ya yaudare su, su ne suka yaudari gejin.

Da farko ya ce in zaga da motar har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ring yana kama bango sosai in inji ya ɗumama, don haka aunon sanyi yakan fito ƙasa da gaskiya. Da na dawo muka bar ta ta ɗan huce kaɗan, saboda zaren ramin filogi a alminiyam yake, in ka murɗe shi da ƙarfi yana tsananin zafi kana iya cinye zaren ka sayo wa kanka sabon aiki. Ya hure ƙurar da ke kewayen kowane filogi kafin ya kwance, kada ta faɗa ciki. Ya cire su duka huɗun, ba ɗaya ba, ya jera su a kan kwali bi da bi. Ya ce filogi ma shaida ne: mai jiƙe da baƙin mai daban, mai busasshen baƙi daban, wanda ya yi fari tas kamar an wanke shi kuma a tuhumi ruwa.

Sai ya cire wayar da ke kai wuta kwayil, don kada tartsatsi ya riƙa tashi a banza kusa da fetur. A motocin zamani masu injekta ana cire fiyus ɗin famfon mai ma. Giya a furi, birkin hannu a ja. Sannan ya ce in shiga in taka totur har ƙasa in riƙe. Wannan ne abin da mutane suka fi mantawa. In totur na rufe, injin ba ya samun isasshiyar iskar da zai matsa, sai duk silindojin su fito da rauni, a ce maka inji ya mutu alhali maƙogwaronsa aka shaƙe. Batir kuma dole ya kasance cike. In kik yana juyawa da ƙyar, lambar da za ka gani ta batir ce, ba ta inji ba.

Filogin 504 a cikin rami mai zurfi yake, don haka gejin da ake dannawa da hannu mai bakin roba ba ya yi mata, sai mai dogon baki da ake ɗaurawa a zare. Ya ɗaura da hannu, ba da sufana ba. Ya ce, "Murza." Na murza makulli, injin ya juya, allura ta yi tsalle, ta ƙara, ta ƙara, har sau biyar ko shida ta tsaya. Ya ce in saki. Ya rubuta lambar da alli a jikin bango, ya danna ɗan maɓallin da ke sakin iska, ya koma ta gaba. Kowace silinda bugu iri ɗaya ya ba ta, kada a yi wa wata alfarma. Af, wani abu: Faransawa daga wajen giyabos suke fara ƙirga silinda ta 1, ba daga wajen fanka ba. Kai dai duk inda ka fara, ka rubuta, kada gobe ku yi musu da makaniki a kan wace ce ta uku.

Ga abin da bango ya nuna: 145, 140, 95, 142.

Waɗannan lambobi na ma'aunin psi ne. Wasu gejin da bar suke, kuma bar 1 kusan psi 14.5 ne, don haka 145 ɗin nan bar 10 ke nan. Tsohon injin fetur mai lafiya yawanci za ka same shi tsakanin 130 da 170, gwargwadon ƙirarsa, kuma da zarar silinda ta faɗo ƙasa da 100 ta fara zama 'yar rakiya. Amma kada ka riƙe lamba kamar karatun allo. Geji da geji suna saɓawa, musamman masu arahar nan. Abin da ba ya ruɗi shi ne tazarar da ke tsakanin silindojin, tunda geji ɗaya ne, batir ɗaya, rana ɗaya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada mafi ƙanƙanta ta gaza mafi girma da fiye da kashi 10 cikin 100, wasu su sassauta zuwa 15. A tamu babbar 145 ce, cire kashi 10 ya rage kusan 130. Uku sun haye. Ta uku ta faɗi warwas.

Ni a raina injin da ya ba ni 125 a duka huɗun ya fi mini wanda ya ba ni 160 a uku da 100 a ɗaya. Na farkon tsufa ne kawai, zai ci gaba da kai ka kasuwa yana shan ɗan mai. Na biyun akwai abin da ya karye a ciki.

Tun a nan maganar makaniki na biyu ta rushe. Injin da silindarsa uku ke 140 ba na zubarwa ba ne. Saura ta na farkon, mai cewa ring.

Baba ya ɗauko sirinji, ya zuƙi baƙin mai kamar cokali ɗaya, ya tsiyaya cikin ramin ta uku. Mu koma kan famfon keken nan. Wanda ya yi zamani da shi ya san in fatar cikinsa ta bushe ya daina turo iska, sai a ɗiga mata mai ta sake kamawa. Dabarar ke nan. Man zai kwanta a kan ring ya toshe gibin da ke tsakaninsa da bango na ɗan lokaci. In ta nan iskar ke gudu, allura za ta tashi sosai, ka ga 95 ta koma 130. In kuwa ta sama take gudu, ta bawul ko gaskit, man bai kai can ba, allura ba za ta motsa ba sai kaɗan. Saboda kishingiɗar injin 504, man yakan taru a gefe guda, shi ya sa ya ce in juya injin sau biyu tukuna ya bazu kafin ya ɗaura geji. Kuma cokali ɗaya ne, ba ludayi ba. In ka cika mai, ya rage wurin da iska za ta zauna, lambar ta hau ko da ring lafiya lau yake, ka yi wa kanka ƙarya.

Na murza. 98.

Baba ya yi murmushi ya ce, "To ka gani. Ring ɗin nan ba shi da laifi." Ya ƙara da cewa tun aunon farko ya yi zargi, domin ya kalli yadda allurar ke hawa, ba inda ta tsaya kaɗai ba. Silinda mai lafiya tsallen farko babba ne, sauran ƙari ne. Mai ciwon ring takan fara ƙasa ta riƙa hawa a hankali har ta ɗan kai wani wuri. Mai ciwon bawul ta fara ƙasa ta kuma zauna ƙasa, kamar mai ɗiban ruwa a kwando.

Gaskit fa? Ya ce duba maƙwabtanta. Da gaskit ya ƙone tsakanin silinda biyu, da ta biyu da ta uku, ko ta uku da ta huɗu, sun faɗi tare da lamba kusan ɗaya, don suna hura wa juna iska. Nan kuwa ita kaɗai ce. Muka buɗe lagireto bayan ya huce, ba mai a kan ruwa, muka zaro gejin baƙin mai, bai yi kalar shayi da madara ba. Da a ce duka huɗun ne suka faɗi daidai wa daida, da sai a fara tuhumar gejin kansa, da batir, da sarƙar tayimin ko ta tsallake haƙori, kafin a ce tsufa ne. In kuma lamba ta haura abin da ya kamata, wannan ba abin murna ba ne, baƙin gawayi ne ya taru a kan fistin ya rage wuri.

Da zargi ya tsaya a kan bawul, na ɗauka za a cire kan inji nan take. Baba ya ce a'a, sai gobe da safe in injin ya kwana ya yi sanyi. Tsofaffin injuna irin wannan da hannu ake saita ɗan gibin da ke tsakanin bawul da abin da ke danna shi, wato tafet. In gibin ya ɓace, bawul ba ya rufewa ruf, iska na zurarewa, kuma geji zai nuna maka daidai abin da zai nuna in bawul ya ƙone. Ya cire murfin sama, ya zura 'yan siraran ƙarafan awo. Bawul ɗin hayaƙi na ta uku babu gibi ko kaɗan. Ya saita shi, ya bi sauran bakwai ɗin, muka ɗumama inji muka sake aunawa. Ta uku ta koma 118.

Ta tashi, amma ba ta kamo 'yan uwanta ba. Dalili kuwa, bawul ɗin hayaƙi yana sauke yawancin zafinsa ne a daidai lokacin da ya zauna a mazauninsa. Wanda ya daɗe ba ya zama sosai, wuta na bi ta gefensa tana lasar bakin. Don ya tabbatar, Baba ya yi gwaji na biyu. Ya juya inji da hannu har fistin ta uku ya kai ƙololuwa bawul biyun na rufe, ya sa giya ya ja birki don kada injin ya juya, ya aro tiyon kwamfiresa wajen mai facin da ke kusa, ya hura iska ta ramin filogi. Ya ce in zaga in saurara. A bakin kabireta shiru, da na ji huci a nan da bawul ɗin shiga ne. A murfin zuba baƙin mai ɗan siririn sauti, wanda ko sabon inji yana da shi. A lagireto ba kumfa. Da na durƙusa wajen salansa kuwa, sai na ji fuuu kamar ana hura wuta. A nan kunne ya yi amfani, bayan geji ya nuna masa inda zai saurara.

Kada in yi muku zaƙin baki, akwai abin da gwajin nan ba ya gani. Fistin yana da ring na matsi, yana da na share mai. Na share mai zai iya mutuwa mota ta riƙa hayaƙi shuɗi, geji kuma ya ba ka 150, har ma man da ke zurarewa ya taimaka wa lambar. Robobin wuyan bawul ma haka, su ne ke sa hayaƙi da safe ko bayan doguwar tsayuwa a silo. Ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙasan inji kuwa maganar metal ce da matsin mai, gejinta daban. Sannan motar da ta daɗe a ajiye irin tamu, ring yakan maƙale a raminsa, ya ba da lamba mara kyau a ranar farko, ya saki bayan an yi kwanaki ana hawa. Mu mun yi sa'a na yi kusan mako biyu ina zagayawa da ita kafin aunon. Kada ka yanke wa injin da ya yi shekara biyar yana barci hukunci ranar da ya farka.

Masu dizal, ku kam wannan gejin ba naku ba ne. Matsin dizal ya ninka na fetur sau biyu ko fiye, zai fasa agogon, kuma zuba mai a silindarsa haɗari ne don yana iya kamawa da kansa.

Ga masu shirin sayen mota ta hannu, ko injin da aka ce ɗan Beljiyam ne: aikin nan bai kai awa ɗaya ba. Ka ce za ka zo da makanikinka a auna a gabanka, ka rubuta lambobin da hannunka. In mai ita ya fara kame-kame, ka gaishe shi ka wuce.

Mu dai kan inji kawai aka cire. Kuma ga wani gargaɗi da Baba ya yi wa yaronsa har sau uku, wanda duk mai 504 ya kamata ya sani: silindojinta silif ne da ake zarewa, ruwa na zagaye da su kai tsaye. In an cire kai, dole a danne silif ɗin da ƙarfe kafin a juya inji ko kaɗan, in ba haka ba su ɗaga, abin da ke tare ruwa a ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, ƙaramin aiki ya koma babba. Da aka zaro bawul ɗin, gefensa ɗaya ya cinye kamar ɓera ya gutsura. Aka sa sabo, aka wasa sauran a mazauninsu, sabon gaskit, aka ɗaure kai bi da bi yadda littafi ya ce. Bangon silindojin kuwa da muka leƙa, sumul, ba ko kurji.

Bayan mako guda muka sake aunawa: 146, 142, 143, 143. Na ɗauki hoton bangon na tura wa Yaya, bai ce komai ba sai da yamma ya aiko tambaya ko tayoyin za su kai Illela. Ranar Juma'a na kai Inna gidan ƙanwarta a cikinta, ta zauna a gaba inda ta saba zama.

Wanda ya taɓa yin aunon nan ya ajiye mana lambobinsa a ƙasa, da irin motar da shekararta, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Sai an jima.